Muryar Ƙasa

Asabar, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Malama Safiyyatu ce ta ba ni wannan littafin don in rubuta baitocin waƙar walima. Baitocin bakwai ne, ba su cinye shafi uku ba. Sauran shafukan suna nan fari tas, ni kuma tun da muka zo Batsari ba ni da abin yi, ba noma, ba surfe, ba awakin da zan ba dusa.

Yau kwananmu tara a gidan Kawu Ummaru. Ya ba mu ɗaki ɗaya ni da Inna, maigidana kuma yana kwana a zaure tare da mazan da suka fito daga ƙauyukan wajen Wagini. Alhamdulillahi. Akwai waɗanda suke azuzuwan firamare ko tabarma babu. Mu muna da rufin kwano, ko da yake yana yoyo ta bakin ƙofa.

Matar Kawu ce ta ja ni Islamiyyar matan aure, ta ce zaman ɗaki da kallon bango zai sa mini ciwo. Saura sati biyar a yi walimar sauka ta mata goma sha ɗaya, ana koyon waƙar godiya da Malama ta tsara da kanta. Na zauna can baya. Da aka zo amshi sai na ji bakina ya shiga ban shirya ba. Malama ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta tambayi wace ce mai muryar nan mai kauri. Matar Kawu ta nuna ni. Kamar in nutse.

A gida mu biyu muke waƙa, Yaya Mahfuza ta ja, ni in amsa. Tun muna yara haka muke, a wajen daka, a wajen niƙa, a bikin kowa. Ban gaya wa Malama wannan ba. Na dai ce na saba da amshi.

Yaya Mahfuza ba ta iso ba tukuna.

Lahadi, 6 ga Agusta, bayan azahar

Ashe abin da Malama take so daban ne da amshin da na sani. Ta ce a kwaleji ta ga ana yi: a raba mata biyu, masu muryar sama da masu muryar ƙasa, a rera baiti ɗaya lokaci ɗaya, amma kowa da karinsa. Amshin shi ne, “Allah mun gode maKa, da Ka nuna mana yau.” Idan aka zo “nuna mana” masu sama su hau, ni kuma in tsaya inda nake, sa'annan in gangara a kan “yau”. Tun watan jiya take neman mai muryar ƙasa. Biyun da take da su ba sa ɗaga murya sai sun ji wata a gaba.

Ni kaɗai na yi daidai. Ta rera, na rera, sau uku, ta ce madalla. Da aka haɗa mu da sauran sai na tashi sama da su kamar an ɗaura mini igiya. Ban ma sani ba sai da na ga ana dariya.

Wadda aka tsayar kusa da ni sunanta Sa'adiyya, mai tuyar awara a bakin tasha. Muryarta kamar lasifikar masallaci. Wa zai tsaya kusa da wannan ya ji kansa?

Litinin, 7 ga Agusta, da hantsi

Maigida da Yusha'u, mijin Yaya, sun fita a babur tun bayan asuba. An ce akwai wani mutum a wajen Zakka da ya san wani.

Litinin ɗin dai, kafin magariba

Sun dawo lafiya. Alhamdulillahi da dawowarsu. Babu labari.

Laraba, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Malama ta koya mini in toshe kunnen da ke wajen Sa'adiyya da yatsa. Sai ka ji muryarka a cikin kanka kamar kana magana a cikin tulu. Na riƙe “nuna mana” sau biyu ban hau ba. A na uku na cire yatsa don in gyara hijabi, shi ke nan na bi su.

Ta so ta naɗa mini muryar sama a waya in dinga gwadawa a gida. Na ce ba ni da waya. Gaskiya ne, tawa tana can. Ta maigida kuwa ba mai taɓa ta yanzu. A aljihun gaba take kwana take wuni, yana kai ta caji sau biyu a rana ko ba ta sauka ba. Ko yara ne suka kira bisa kuskure sai ka ga duk zauren ya miƙe tsaye.

Inna har yau ba ta shan maganin hawan jininta. Kawu ya sayo sabo a kemis, yana nan kan taga ba a ɓare ba. Idan na miƙa mata sai ta juya wa bango fuska.

Alhamis, 10 ga Agusta, da safe

Sati biyu cif. Ba na son Alhamis.

Asabar, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Ina wanke-wanke a tsakar gida ina gwada karina da baki rufe, yadda Malama ta ce, ta hanci kawai. Ban san Inna ta fito ba.

“Waƙa kike, Zuwaira?”

Na ce ta makaranta ce, ta godiya ce ga Allah.

“'Yar'uwarki tana inda take, ke kina waƙa.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki butarta ta koma. Na gama wanke-wanken, na kife kwanukan, ban je makaranta ba.

Gaskiyarta ne. Ba ta ma san iyakar gaskiyarta ba.

Lahadi, 13 ga Agusta, da azahar

Ruwa tun safe. Geron gonarmu yanzu ya fi mutum tsawo, in dai an bar shi.

Talata, 15 ga Agusta, da hantsi

Wayar ta yi ƙara. Maigida ya fita bayan gida ya yi magana, ya daɗe. Da ya dawo bai shigo wajenmu ba, ya aika aka kira Yusha'u da Kawu, suka zauna a zaure suka rufe ƙofa. Daga baya ya leƙo ya ce mini, “Tana da rai. Na ji muryarta.”

Na tambaye shi me ta ce. Ya ce sallama kawai aka bari ta yi.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Na rubuta sau biyu don hannuna ya ƙi tsayawa. Inna ta yi sujada a kan siminti ba ko sallaya.

Sauran maganar ta maza ce, ba su gaya mini ba, ban tambaya ba. Na dai ga Yusha'u ya koma masaukinsa a ƙafa, da safe kuwa a kan baburinsa ya zo.

Laraba, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Sa'adiyya ta zo har gida. Ta kawo awara a leda, ta gaida Inna ta durƙusa har ƙasa, ta daɗe tana gaisuwa. Ta ce Malama ce ta turo ta ta ji ko lafiya, kwana huɗu ba a gan ni ba. Na ce jikin Inna ne.

Da na raka ta ƙofa ta tsaya tana gyara gyalenta. Ta ce su ma daga wajen Zakka suka zo, shekara uku ke nan. Ta ce a watan farko ta kasa ko karatun sallah da ƙarfi, sai leɓe kawai. Ban tambaye ta wa take jira a lokacin ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na dai san ita kaɗai take riƙe da 'ya'yanta huɗu.

Duk kwanakin nan ina jin haushin ƙarar muryarta. Allah Ya yafe mini.

Juma'a, 18 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Zan rubuta, tun da ba mai karantawa.

Ranar da muka gudu, maza duk suna kasuwa. Mun riga mun fita, mun kai tsamiyar bakin rafi, sai Inna ta tuna maganinta yana cikin samira a ƙarƙashin gado. Ta ce, “Zuwaira, koma ki ɗauko.” Sunana ta kira. Na ji sarai. Sai na sunkuya ina gyara takalmina kamar ya tsinke. Ba abin da ya same shi. Ina sunkuyen nan Yaya ta sauke ƙullin kayanta a gabana ta juya. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ƙarar baburan 'yan bindiga ba ta da nisa a lokacin, dukkanmu muna ji.

Ƙullin yana nan a kusurwar ɗaki. Ni na ɗauko shi har Batsari.

Asabar, 19 ga Agusta, da safe

Inna ta ce in kwance mata kitso. Ina cikin tsifa ta ce da ta yi shiru ranar, da yanzu 'ya'yanta biyu suna gabanta. Ta ce saboda ƙwaya tsohuwa ta tura ɗiyarta. Shi ya sa maganin ya ƙi wuce mata maƙogwaro.

Ga ƙofa ta buɗe mini in faɗi nawa. Ban faɗa ba. Na ce Inna idan Yaya ta dawo ta tarar da ke a kwance, wahalarta ta tashi a banza ke nan. Na ci gaba da tsifa. Da na gama tsifar ta ce in miƙo mata ruwa da abin da ke kan tagar.

Ta sha. Alhamdulillahi.

Can kuma ta ce in koma makarantar, shirun gidan nan ya fi waƙar damun ta.

Lahadi, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Na koma. Ba wadda ta tambaye ni komai, na ji daɗin haka.

Malama ta hana ni toshe kunne. Ta ce ya isa, yatsa na mai koyo ne. Da kunnena a toshe ina riƙe karin, amma ina riga su shiga baiti, wani lokaci kuma su gama ina ja. Ta ce dole in ji su, in san inda suke, in kuma ƙi bin su. Na ce Malama wannan ai abu biyu ne. Ta ce abu biyun take so.

Ta tsayar da ni a ƙofar aji, Sa'adiyya a wajen allo. In na riƙe amshi ɗaya daidai in matso taku ɗaya, in na zame in koma baya. Aka tashi ina taku na huɗu. Ajin taku goma sha biyu ne, na ƙirga.

Talata, 22 ga Agusta, da azahar

Babu kira.

Laraba, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Sa'adiyya tana biyowa ta gidanmu kafin ta fita tuya. Muna zama a bayan rumbun Kawu, ta rage murya yadda za ta iya, wato kaɗan. Na gano wata dabara: idan na ajiye hannu a ƙirjina ina jin muryar ƙasa tana girgiza a nan. Da zarar girgizar ta bar ƙirji ta koma hanci, na san na fara hawa.

Yau mun yi baiti biyu cur ban zame ba. Akwai wani wuri a kan “yau” da muryoyin biyu suke haɗuwa, sai ka ji kamar akwai ta uku a tsakani, alhali mu biyu ne. Tsigar jikina ta tashi. Sa'adiyya ta yi dariya ta ce abin da Malama take nema ke nan tun watan jiya.

Na ji daɗi. Daga baya na ji kunyar jin daɗin. Daga baya kuma na ce ai Allah ne Ya ba ni, na gode maSa.

Alhamis, 24 ga Agusta, da safe

Yusha'u da wani dattijo sun tafi, ba a faɗi inda za su ba. Maigida ya ce kada mu tambaya, mu yi addu'a.

Asabar, 26 ga Agusta, kafin magariba

Sun dawo su biyu, yadda suka tafi. An ce su saurara.

Yusha'u ya zauna a bakin zaure ya kasa cire takalminsa. Inna ta fita da kanta ta kai masa ruwa, ita da take jin nauyinsa ko ido ba sa haɗawa.

Lahadi, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Taku na tara. Ban san yadda aka yi ba, hankalina ba ya ajin.

Talata, 29 ga Agusta, da hantsi

Sa'adiyya ta shigo da gudu ba ko sallama, hannunta duk ruwan waken suya. Ƙaninta direban a-kori-kura ne a Safana, shi ya kira ta. Ya ce da sassafe ya ɗauko mata biyar a bakin hanya bayan Zakka, ba takalmi, ya kai su asibiti. Ɗaya ta ce 'yan'uwanta suna Batsari gidan wani Ummaru.

Maigida yana neman babur. Bari in ajiye biro in shirya.

Laraba, 30 ga Agusta, Safana, bayan azahar

Ita ce.

Alhamdulillahi Rabbil alamina.

Ta rame. Ƙafafunta a kumbure suke, an naɗe su. Da ta gan mu ta ce, “Inna,” shi ke nan. Likita ya ce jikin zai warke, kada a dame ta da tambaya. Ba mai niyyar tambaya.

Ƙanin Sa'adiyya ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Yasir sunansa. Na rubuta don in dinga sa shi a addu'a.

Juma'a, 1 ga Satumba, Safana, da safe

An sallame ta, muna gidan wata gwaggon Yusha'u kusa da asibitin saboda wankin ƙafa. Tana cin abinci kaɗan. Ba ta son a rufe ƙofa, ba ta son kuma a buɗe ta duka. Idan babur ya wuce sai ta kama abin da ke kusa da ita, jiya hannuna ne.

Kalmominta ba su wuce goma ba tun ranar Laraba. Yaya da in ta fara zance sai tuwo ya ƙone.

Ba ta dube ni da wani ido daban ba. Na kasa gane ko ta gani ranar.

Lahadi, 3 ga Satumba, Safana, bayan la'asar

Na wanke mata kai da ruwan ɗumi, na zaunar da ita a inuwa ina taje gashin a hankali, ya cukurkuɗe ƙwarai. Ashe ina rera karina ta hanci ban sani ba.

Ta ce, “Wannan waƙar fa? Kamar ba ta cika ba.”

Na ce rabinta ce, akwai masu yin sama. Ta ce in yi mata saman ta ji. Na yi. Ta saurara idonta a rufe, ta ce wanda ya tsara ta ya san abin da yake yi. Ba ta gwada ba, ni ma ban ce ta gwada ba. Muryarta a dushe take.

Magana mafi tsawo ke nan da ta yi. Na shiga ɗaki na gaya wa Inna kalma-kalma.

Talata, 5 ga Satumba, da azahar

Mun dawo Batsari gaba ɗaya. Kawu ya kwashe buhunan da ke ƙaramin ɗaki ya ba Yaya da mijinta. Maganar komawa gida ba wanda ya tayar.

Asabar, 9 ga Satumba, bayan la'asar

Gwajin ƙarshe. Malama ta tsayar da ni kafaɗa da kafaɗa da Sa'adiyya, sauran masu muryar ƙasa biyu a bayana. Na zame sau ɗaya a baiti na biyar, na dawo da kaina kafin amshi. Malama ta ce dawowar ta fi burge ta.

Lahadi, 10 ga Satumba, kafin magariba

An yi walima. An kafa rumfa a filin makaranta, mata sun cika ta har waje. Masu sauka goma sha ɗaya cikin fararen hijabai, matar Kawu a cikinsu, tana kuka tana dariya.

Mun yi baiti bakwai. Ban ga kowa ba, allon sanarwa kawai nake kallo, hannuna a ƙirji ta ƙarƙashin hijabi. Ina jin Sa'adiyya a kunnena na dama tana hawa, ina jin biyun nan a bayana sun jingina da ni. Da muka gama wurin ya yi tsit kafin a fara kabbara. Wata tsohuwa ta riƙe hannun Malama tana tambaya mu nawa ne, ita ta ji kamar mun fi haka yawa.

Yaya ba ta zo ba, taro ya yi mata yawa. Inna ta zauna da ita a gida. Na kawo musu shinkafar walima a kwano.

Litinin, 11 ga Satumba, da hantsi

Na kai mata ƙullin kayanta. Ta kwance, ta ga zannuwanta yadda ta ninke su. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta na faɗa mata duka, takalmin, da sunan da Inna ta kira. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Ta ce, “Na gani ai.”

Na ce ki yafe mini Yaya.

Ta daɗe tana shafa bakin wani zane. Ta ce kwanakin farko a can ta ji haushina, ba za ta ɓoye ba, har ta ce in ta fito ba za ta ƙara yi mini magana ba. Daga baya ta ga yadda aka yi da waɗanda suka kasa tafiya, ta tuna ni ko zuwa rafi sai na huta a hanya.

“Sai na dinga gode wa Allah da ba ke ba ce. Da wannan godiyar na yi sauran kwanakin. Tashi daga ƙasan nan, Zuwaira, akwai sanyi.”

Na kasa tashi. Ta zare sabon zanenta na sallah daga cikin ƙullin, wanda ko sau ɗaya ba ta ɗaura ba, ta miƙo mini in share fuska. Na ce zai ɓaci. Ta ce in share.